Yaushe za ka ja kunama, yaushe za ka ƙyale? Tambayoyi da amsoshi kan harbin talo-talon daji a Amurka

Daga watan Maris zuwa Mayu lokacin farautar talo-talon daji ne a Amurka, kuma duk shekara tambayoyin da 'yan'uwa ke yi kusan iri ɗaya ne, wasu suna nan ƙasar sun yanki lasin suna son shiga daji, wasu kuma suna gida bidiyo kawai suka gani a Facebook abin ya ɗaure musu kai. Ga su nan na haɗa. Ban shiga maganar kayan sawa da dabarun kira (wato kwaikwayon kukan mace don jawo namiji) sosai ba, abin da ya fi damuna shi ne 'yan sakan ɗin nan da tsuntsu ke gabanka yatsanka na kan kunama.

Tsaya tukun, talo-talon da muke kiwo a gida shi ake bi daji da bindiga?

Jinsinsu ɗaya amma halinsu ba ɗaya ba. Asalin talo-talo duk daga nahiyar Amurka yake, mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa tun da daɗewa, Sifaniyawa suka kwashe shi zuwa Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu har ya iso gidajenmu. Wanda ya rage a daji kuwa wani abu ne daban, yana da gudu sosai, yana tashi sama, a kan bishiya yake kwana, ga ido kamar me, ka ɗan motsa hannu daga nesa ya gan ka ya wuce. Babban namiji yakan kai kilo 8 zuwa 11. Iri biyar ne a Amurka, na gabas wanda ya fi yawa, da Osceola na Fulorida, da Rio Grande, da Merriam's, da Gould's, kuma ana farautarsu a jihohi 49, Alaska ce kawai babu.

To meye na wannan iyayin na zaɓen harbi? Ba dai kashewa za a yi ba?

Ai matsalar kenan, ba kowane harbi ne yake kashewa ba. Talo-talo tsuntsu ne mai taurin rai, gashin jikinsa ya kai 5,000 zuwa 6,000, fukafukansa masu kauri sun rufe haƙarƙari, ga tsokar ƙirji jibge a gaba. Bindigar da ake amfani da ita mai watsa ƙwayoyi ce, in ƙwayoyin suka same shi a jiki daga nesa sai su karya masa ƙafa ko su shiga hanji, ya kife ya miƙe ya ruga, kai ka dawo gida hannu biyu shi kuma ya je ya kwanta a ƙarƙashin wani kurmi kwana biyu ko uku yana ruɓewa da ransa kafin koyoti, wani irin karen daji, ya same shi. Mu a gida mukan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, toh a wannan farauta dai maganar ba ta ci ba, gara ka kuskure shi gaba ɗaya ya tafi lafiya lau da ka same shi a wutsiya.

Sannan akwai tarihi. A farkon ƙarni na 20 tsuntsun nan ya kusa ƙarewa a Amurka saboda sare dazuka da harbin kan-mai-uwa-da-wabi, wasu jihohin ko ɗaya bai rage musu ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta sa aka riƙa zuba kuɗin harajin bindigogi da harsashi a kula da namun daji, daga shekarun 1950 aka fara kama su da raga ana kai su dazukan da suka ƙare, a 1973 aka kafa ƙungiyar NWTF mai kare talo-talon daji lokacin yawansu bai wuce miliyan 1.3 ba, daga baya ya haura miliyan 6. Yanzu kuma ya fara ja da baya a jihohi da dama, shi ya sa Jojiya ta rage adadin da mutum zai kashe daga uku zuwa biyu a 2022, Kansas kuma ta dakatar da farautar kaka a 2023. Tsuntsun da ka ji wa rauni ya ɓace maka ba ya shiga lissafin kowa, amma ya mutu ɗin dai.

Ina ake saiti?

Wuya da kai, shikenan. Abin da ake so ƙwayoyi su fasa ƙwaƙwalwa ko ƙashin wuya, nan take ya faɗi. Amma kar ka ɗora saitinka a kan kai sak, in ka yi haka rabin ƙwayoyin sama za su wuce su tafi banza. Ka ɗora a gindin wuya, daidai inda gashi ya ƙare jan naman nan ya fara, sai na sama su rufe kai na tsakiya su rufe wuya.

Abin da ya fi sa mutane kuskure ba bindiga ba ce, ɗaga kai ne. Zuciya na dukan uku-uku, mutum yana son ya ga tsuntsun da kyau sai ya ɗaga kumatunsa daga kan gindin bindiga bai ma sani ba, harbin ya tafi sama. Manna kumatu ka bar shi a manne har sai ƙarar ta wuce.

Nisa nawa ne ya yi daidai?

Maharban da suka daɗe a harkar yadi 40 suke cewa, wajen mita 36 kenan, kuma ni har yau a nan nake. Sai dai ka gane 40 ɗin nan iyaka ce ta sama, ba wai wurin da ake so a yi harbin ba. Inda ya fi daɗi tsakanin yadi 20 ne zuwa 30, a nan ƙwayoyin sun buɗe daidai kuma da sauran ƙarfinsu.

Kuma gaskiyar magana lambar da wani ya ba ka ba taka ba ce, ko ni ɗin nan da na ce 40 ban san bindigarka ba. Iyakarka tana jikin takarda.

Wace takarda kuma?

Gwaji. Kafin ranar buɗe farauta ka je filin koyon harbi da babban kwali ko takarda mai faɗi, ka yi ɗigo a tsakiya, ka zauna a ƙasa yadda za ka zauna a daji, guiwa a tashe bindiga a kanta, ba a kan tebur kawai ba, ka harba daga yadi 20, ka canja takarda ka harba daga 30, sai 40. Kowace takarda ka nemo inda ƙwayoyin suka fi taruwa ka zana da'ira mai faɗin inci 10 ka ƙirga ramukan ciki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ramuka 100 a cikin da'irar, kuma babu wani gurbi babba da kan tsuntsu zai iya shigewa ba tare da ƙwaya ɗaya ta taɓa shi ba. Nisan da ka daina samun haka, toh nan ne bindigarka ta tsaya, ko da kwalin harsashin ya rubuta maka abin da ya fi haka.

Takardar za ta nuna maka wani abu kuma da mutane ba sa tsammani, wato ba kowace bindiga ke zuba ƙwayoyi daidai inda ka saita ba, wata hagu take ja wata sama, in ba ka gwada ba ba yadda za a yi ka sani. In ka canja harsashi ko ka canja cok, wato ɗan bututun nan da ake murɗawa a bakin bindiga don ya matse ƙwayoyi, gwajin ya tashi, sabo za ka yi. Eh harsashin da tsada kuma kafaɗa za ta ji a jikinta, a hakan dai za a daure.

Na ji an ce da harsashin TSS har yadi 70 ana kashewa. Gaskiya ne?

Ana yi, kuma ana ji wa da yawa rauni a hakan, su ne ba a sa wa a bidiyo.

TSS ƙwayoyin ƙarfen tangistin ne, nauyinsa giram 18 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, dalma kuwa 11 da 'yan kai. Tunda ya fi nauyi sai a yi ƙwayar ƙanana sosai amma ta huda kamar babbar ƙwayar dalma. A giram 28 na dalma lamba 5 (lambar girman ƙwaya ce, in lamba ta hau ƙwaya ta ƙanƙance) za ka samu ƙwaya wajen 170, a TSS lamba 9 kuwa wajen 360, ka ga ramuka a takarda sun ninka. Tun da kamfanin Federal ya fito da nasa kasuwa a 2018 abin ya bazu, har ƙananan bindigogi irin .410 da a da ake raina su suka zama na farautar talo-talo, wanda ya yi wa yara da mata da dattawa daɗi tunda ba sa dukan kafaɗa. A Kalifoniya ma dole ka bar dalma, tun Yulin 2019 aka hana farauta da ita baki ɗaya.

Ni ban ƙi harsashin ba, mai kyau ne. Abin da na ƙi shi ne yadda ya sa mutane suka mai da shi lasin harbin nesa. A yadi 60 ko 70 idonka ba ya iya bambance 60 da 72, iska tana tura ƙwayoyin, sun fara sauka ƙasa, ɗan rawar hannu kaɗan ya zama babban karkata a can, reshen da ke tsakani ba ka gan shi ba, kuma in akwai mace a gefensa ita ma ta samu rabonta. Amfanin TSS a wurina shi ne in ka ɗauka yadi 38 ne ashe 46 ne ya rufa maka asiri. Ka saye shi don wannan, kar ka saye shi don ka daina koyon kira.

Ya zan san nisan a cikin daji, tunda ba tef zan ja ba?

Da zarar ka zauna, tun kafin ka yi kira na farko, ka fito da na'urar auna nisa ka auna bishiyoyi uku ko huɗu a gabanka, ka riƙe a ranka cewa waccan mai karkata 40 ce, wancan kututturen 25. In ba ka da na'urar ka taka da ƙafa. In kana kafa talo-talon roba ka kafa shi a yadi 15 zuwa 20, shi ma ma'auni ne. Tsuntsu bai ƙetaro bishiyar 40 ba, babu harbi. A fili musamman ido yana yaudara, namiji ya kumbura ya baje jela sai ka gan shi ƙato ka ɗauka ya iso, alhali da saura.

In ya zo dab da ni fa, ai shi ne ya fi sauƙi ko?

A'a, a nan ma ake yawan kuskure. A yadi 10 da matsattsen cok duk ƙwayoyin a dunƙule suke, faɗinsu bai wuce inci 3 ko 4 ba, kan tsuntsun kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. In ka samu dama ka yi harbinka tun yana yadi 20 zuwa 25. In kuma ya ɓullo maka ta bayan bishiya dab da kai, ka nutsu ka sauke saitin ƙasa kaɗan a wuya, kar ka fizgi kunama.

Ya baje jela yana ƙasaita, in harba?

Dakata. In ya kumbura kansa a maƙale yake cikin ƙirji, wuyan ya naɗe, abin da za ka sama ya ragu, ƙwayoyi da yawa kuma ƙirji za su shiga su ɓata maka nama. Ka ɗora saiti ka shirya tsaf, sai ka yi ɗan ƙara guda mai kaifi da abin kiran baki, ko ma da bakinka kawai, zai sauke gashi ya miƙe wuya ya duba, wannan ne lokacinka kuma ba ya daɗewa. Wani amfanin ƙasaitar shi ne in ya juya maka baya jelar ta tare masa ido, a nan ne za ka iya gyara zama ko ka juya bindiga bai gani ba.

Ya ake bambance namiji da mace?

A farautar bazara yawancin jihohi namiji ko mai gemu kawai suka yarda a harba, don lokacin matan suna kan ƙwai. Namiji ya fi girma ya fi duhu, gashin ƙirjinsa bakin-baki ne mai sheƙi, kansa tsirara ne yana canja launi tsakanin ja da fari da shuɗi, ga gemu yana reto daga ƙirji. Mace ruwan ƙasa ce, kanta toka-toka mai ɗan shuɗi. Ƙa'idar dai ita ce sai ka ga gemun da idonka, ba wai ka ji kuka ka ga baƙin abu yana motsi ba.

Akwai wasu matan talo-talo kaɗan masu gemu, siriri haka, kuma a jihohi da yawa doka ba ta hana harbinsu ba. Ni dai ba na harbi. Tana saka ƙwai kamar kowace mace, goma zuwa sha biyu a sheƙa ɗaya, a lokacin da ake kukan tsuntsaye na raguwa ban ga dalili ba.

Saurayin namiji fa, ɗan shekara ɗaya?

Za ka gane shi da guntun gemu, da ɗan tsinin bayan ƙafa da bai fito sosai ba, in ya baje jela kuma gashin tsakiya ya ɗara na gefe tsawo. A Misisifi da Arkansas an hana manya harbinsa, yara aka ɗan sassauta wa. Inda doka ta yarda kuwa ban ga laifin wanda ya fara farauta ya ɗauke shi ba, namansa ma ya fi taushi, kar wani ya sa ka ji kunya. Ka dai karanta ɗan littafin dokokin jiharka na wannan shekarar, don suna canjawa.

Biyu sun jero, in na harba zan iya samun duka, ba riba ba ce?

Tara ce. Wasu jihohin ɗaya aka yarda maka a rana, wasu ɗaya a duk kakar, jami'in gandun daji kuma ba ruwansa da cewa harsashi ɗaya ka harba. Abin da ma ya fi faruwa shi ne na gaba ya faɗi na baya ya kwashi ƙwaya huɗu-biyar ya gudu da su. Jira su rabu sosai, ka duba bayan wanda kake so da gefensa babu wani kai. In sun ƙi rabuwa har suka wuce, sun wuce.

Yana bayan 'yan rassa ina hango kansa, ko yana gudu, ko ya tashi sama?

Duk ukun a'a. Rassa da ciyawa masu kauri suna cinye ƙwayoyi, musamman waɗanda ke kusa da bakin bindigarka, gajeriyar ciyawa da ke dab da tsuntsun ba ta cika damuwa ba in dai kai da wuya a fili suke. Mai gudu da mai tashi kuwa jiki za ka samu ba kai ba. Wuri ɗaya ne na yarda da harbin mai gudu, in ka riga ka ji masa rauni, a nan kam ka ƙara masa da sauri in bayansa ba kowa.

Na san bishiyar da suke kwana, me zai hana in je da asuba in sauke ɗaya?

A wasu jihohin doka ce za ta hana ka, inda ba ta hana ba kuma maharba za su kalle ka wani iri. Ban da maganar kunya, harbi ne marar kyau, duhu bai gama washewa ba balle ka ga gemu, rassa sun tare, ƙirji da ciki yake nuna maka ba wuya ba, bindigarka kuma sama take kallo. In ka tarwatsa musu makwanci suna iya barin wurin. Ka zauna nesa kaɗan ka bari ya sauko da kansa ka kira shi. Lokacin harbi ma a ƙayyade yake, a New York misali daga rabin awa kafin fitowar rana ne zuwa 12 na rana a watan Mayu.

Da gaske ana harbin mutane a wannan farauta?

Ana yi, Allah ya kiyaye, kuma in ka duba yadda ake yinta ba abin mamaki ba ne. Kowa ya sa kayan sajewa da daji har fuska, ya ɓuya, yana kwaikwayon kukan talo-talo, wani har da na roba a gabansa. Sai wani ya ji kukan ya riƙa sanɗa yana bi, ya ga abu ya motsa ya saki wuta. Shi ya sa a Pennsylvania doka ta ce farautar bazara da kira ake yi, ba a bin tsuntsu ko kukansa da sanɗa.

Abubuwan da ake koya wa kowa a ajin lasin: ka jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi, kar ka sa ja ko fari ko shuɗi ko baƙi a jikinka don su ne launin namiji, har farar singileti da ke leƙowa ta wuya da farar safa da hankici ka kula da su. In ka hango wani maharbi yana nufo ka kar ka ɗaga masa hannu kar ka yi kiran tsuntsu, ka yi magana da ƙarfi da muryar mutum ba tare da ka motsa ba. Kai kuma kafin ka ja kunama ka san abin da ke bayan tsuntsun, hanya ce, gida ne, shanun wani ne.

Akwai wata sabuwar yayi ta riƙe jelar talo-talo a gaban fuska ana rarrafe zuwa wurin namiji don ya taso faɗa. Tana aiki kam, amma ka mai da kanka abin da kowa a dajin yake nema ya harba, wasu jihohin sun hana, ni ko a gonar mutum ba na so balle dajin gwamnati.

Masu baka da kibiya fa, su ma wuya ne?

Akwai masu faffaɗan bakin kibiya da aka yi don wuya, ko ka samu ya faɗi ko ka kuskure ya tafi lafiya, wannan kyaunsa kenan. Amma yawanci zuciya da huhu ake nema, duka-dukansu kuma ba su wuce girman babban lemun zaƙi ba, kuma sun fi sama da baya fiye da inda sabon maharbi ke zato. In ya ba ka gefe ka bi ƙafarsa sama zuwa wajen gindin fiffike. In yana fuskantarka, ɗan sama da inda gemu ya tsiro. In ya juya baya ya baje jela, tsakiyar gindin jelar. Kumburin gashi yana ɓoye ainihin jikin, don haka in da hali ka bari ya sauke. Yadi 20 ko ƙasa da haka, kuma in za ka karkata gara ka yi sama a kan ka yi ƙasa, harbin ƙirji ta ƙasa tsoka kawai yake yanka ya tafi da kibiyarka.

Na harba ya faɗi yana ta fuffuka, me zan yi?

Fuffukar ba komai, ko wanda aka fasa wa kai yana yi. Abin da za ka kalla kansa ne, in ya ɗaga kai yana dubawa ko yana ƙoƙarin miƙewa toh ka ƙara masa nan take kar ka tsaya murna. In kan na ƙasa, sa sefti tukun, wato makullin kunama, sannan ka tashi, kar ka yi gudu da bindiga a ɗane, ƙafarka ma ta yi sanyi saboda zama. Ka taka wuyan, ka yi hankali da tsinin ƙafarsa don yana tsaga hannu.

In ya gudu da rauni aikin bai ƙare ba. Ka riƙe inda ka gan shi na ƙarshe, ka duba gashi da jini duk da ba ya zubar da jini sosai, ka bincika ƙarƙashin faɗaɗɗun itatuwa da gefen rafi da duk wani cunkoson ciyawa, can suke shigewa su lafe. Ka ba shi awanni ba mintoci ba. In gonar wani ya shiga sai ka nemi izini. In ka tabbata ka same shi sosai amma ba ka gan shi ba, ra'ayina ka lissafa shi cikin rabonka na shekarar ko da doka ba ta tilasta maka ba. Wanda ka samu kuma ka maƙala masa tikitin shaida na lasinka ka yi rajistarsa yadda jiharka ta ce, yawanci ta waya ko intanet ne yanzu.

Malam, ya halatta a ci wanda aka harbe da bindiga?

Abin da malamanmu na Malikiyya suka tafi a kai tun bayan da bindiga ta yaɗu shi ne ya halatta, in dabbar ta daji ce, ka yi niyya ka yi bisimilla lokacin harbi, harsashin ya huda ya fitar da jini. In ka iske shi da sauran rai tabbatacce dole ka yanka, in ka tsaya wasa har ya mutu alhali kana da ikon yankawa ka ɓata shi. Don haka wuƙarka mai kaifi ta kasance a inda hannu zai kai, ba a ƙasan jaka ba. Ni abin da nake yi, ina isa na taka shi sai in yi bisimilla in yanka kawai, ba na tsayawa tantance fuffukar rai ce ko ta mutuwa. Talo-talon gida kuwa da ya kufce maka ba a harbinsa a ci, kamawa ake yi a yanka.

Kuma hadisin nan da ya ce in za a kashe a kyautata kisa in za a yanka a kyautata yanka, shi kaɗai ya isa ya hana Musulmi harbin caca daga yadi 70. Haka wanda zai yanke jela da gemu da ƙirji ya watsar da saura, jihohi da yawa suna da dokar hana ɓarnar nama, mu kuma mun san almubazzaranci ne. Cinyoyin suna da tauri gaskiya tunda tsuntsun a guje yake rayuwa, amma ka ba su wuta a hankali awa uku ka ga farfesu.

Ya toge a yadi 55 yana ta kuka ya ƙi matsowa, na gaji, ya zan yi?

Wannan kowa sai ya gamu da shi, kuma a nan ne mafi yawan munanan harbi ke fitowa. Dalilin togewar shi ne a ɗabi'arsu mace ce ke zuwa wurin namiji, shi nasa ya yi kuka ya baje jela ya jira, kai kuma kana so ya yi akasin haka. Wani lokacin ma wani abu ne ya tare shi, waya ko rafi ko kwazazzabo, ko kuma ya iso inda yake hango wurin da kukan ke fitowa bai ga mace ba.

Abu na farko ka yi shiru, shiru sosai, minti goma sha biyar ko fiye, da yawa shirun ne ke jawo su. In bai yi ba ka ɗan karci busassun ganye da hannu kamar mace na tono, ko ka juya kai ka yi kiran a hankali ta baya kamar tana tafiya. In ku biyu ne, mai kira ya ja baya yadi 30 ko 40 mai bindiga ya zauna inda yake. In duk ya ƙi, bar shi ya tafi don kansa, ka jira ya ɓace sannan ka zagaya ka tare gabansa ta wani ɓangaren ka canja abin kira. Ko ka dawo wurin wajen ƙarfe tara zuwa goma, lokacin matan sun bar shi sun tafi sheƙa ya rage shi kaɗai, a nan ya fi amsa kira. Gobe kuma ka zauna a inda ya toge ɗin, tunda ya nuna maka wurin da yake son tsayawa.